Bambar Kangwa

Ku gyara zama. Ni ban san baƙi ba, ban taɓa zama a aji ba, amma ramin tagulla ya rufta da ni na fito da ƙafafuna, saboda haka in na ce abu ya faru a Kitwe, to ya faru.

Lombe Musonda yana cikin tsofaffin da suka gaji ƙananan motocin tsere na Turawan mahaƙa, masu kujera biyu, ba rufi. Tasa ja ce. Tun kansa na baƙi ya kwance mata bambar gaba, ƙarfen da ke tare karo, ya ce nauyi ne kawai, kuma yana rufe wa mota baki kamar takunkumi. Abokansa suka bi sahu, har da ni, kuma tawa ta fi ta kowa gudu, a je a tambaya. Bambobin duk suka ƙare a hannun 'yan gwangwan.

Mutum ɗaya ne ya ƙi, Kangwa, mai koriyar mota. Shi a wurinsa mota ba bamba dattijo ne ba haƙoran gaba. Kowace Lahadi sai ya goge tasa har ka ga fuskarka a ciki, sannan ya tuƙa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Lombe ya raɗa masa suna Fasto, ya yi ta yi masa dariya har suka yi furfura tare.

Sai dai doka ba ta san ado ba. Kowace shekara dole mota ta je a duba lafiyarta, kuma wadda ba ta da bamba ba ta samun takarda. Irin bambar nan kuwa ta ƙare a ƙasar. Don haka in ranar mutum ta zo, sai ya lallaɓa gidan Fasto, ya ara, ya ɗaura, ya ci jarrabawa, ya kwance, ya mayar. Kangwa bai taɓa hana kowa ba. Sharaɗinsa dai a dawo da ita a wanke kafin rana ta faɗi. In Lombe ne ya zo, sai Kangwa ya miƙa masa sifana yana murmushi, ya tambaye shi ko yau takunkumi ya yi rana. Yakan ƙara da cewa ranar da za a kai gawarsa gida, Lombe zai biyo shi a baya a jar motar nan, ya koyi tuƙin masu hankali ko bai so ba.

Da damina Kangwa ya rasu. Aka sa ranar Asabar za a kai shi Mpongwe, garin iyayensa, hanya mai shingayen 'yan sanda. Lombe ya duba gilashin motarsa, ya ga takardarsa ta mutu tun watan jiya.

Ranar Juma'a da safe ya ratsa mazan da ke zaune a rumfar makoki, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya nemi ganin matar mamacin, Bana Sampa. Kunya ta hana shi faɗin abin da ya kawo shi, amma ta ga sifana a aljihunsa.

"Ɗauka, Ba Lombe," ta ce, da "Ba" ɗin nan da muke girmama mutum da shi. "Amma gobe motarsa ce za ta shiga gaban akwati. Mutumin nan bai taɓa fita da ita fuska tsirara ba. Ba zan fara masa ranar ƙarshe ba."

Ya yi alkawarin zai dawo da ita kafin rana ta faɗi, kamar kullum.

A wurin duba motoci ya tarar tsohon ma'aikacin da suka saba da shi ya yi ritaya. Wata mata ce a wurin, Ba Nkole, siririya, mai magana a hankali. Ta gwada birki, ta gwada fitilu, ta leƙa ƙasa, duk lafiya. Sai ta tsuguna gaban motar, ta sa yatsa a wata 'yar lotsawa da ke gefen hagu na bambar.

"Baba, lotsawar nan na gan ta a farar mota, na gan ta a shuɗiya, yau ga ta a ja. Bishiya ɗaya kuke karo da ita duk garin?"

"'Yata, tsufa ne. Duk gefe ɗaya muke gani."

Ta yi dariya, amma ta ɗauko gwangwanin rawayan fenti. Ta ce za ta ba shi takarda, sai dai za ta ja layi a kan notunan har jikin motar, kuma ta gaya wa mutanen shinge cewa motar da fentinta ya karye, takardarta ta mutu. Lombe ya gaya mata gaskiya duka, da Fasto, da Mpongwe, da alkawarin faɗuwar rana. Ta yi masa ta'aziyya sosai. Ta ce amma ta taɓa ganin abin da gaban mota ke yi in babu abin da ya tare, kuma ba za ta sa hannu kan motar da ta san gobe tsirara za ta fita ba.

Lombe ya tsaya yana kallon burushin. In fentin ya sauka, jar mota za ta bi akwati kamar yadda Kangwa ya faɗa, koriya kuma ta fita ba haƙora. Ya tuna shekarun da ya yi yana zagin ƙarfen nan, alhali da shi yake shiga gari da mutuncinsa. Zanen aro dai bai taɓa rufe katara ba, mai zanen ne bai taɓa buɗe baki ba.

"Rufe gwangwaninki, 'yata," ya ce. "Ba tawa ba ce."

Ya koma gida ba takarda. Ya kwance bambar, ya wanke ta da sabulu, ya goge, ya kai gidan makoki a kafaɗa, ya ɗaura wa koriyar mota da hannunsa. Sannan ya gaya wa Bana Sampa cewa shi gobe a bas ɗin 'yan waƙar coci zai je. Ta dube shi, ta dubi motar, ta kwance bakin zanenta ta ciro makulli. Ta ce ɗanta na Lusaka bai iya sa wa koriyar giya ba, jiya ma sai da ya sa ta kuka.

"Kai ka ja ta. Amma irin tafiyar Kangwa, ba irin taka ba."

Haka aka yi. Koriya a gaba, akwati a tsakiya, mu a baya, kuma ni da ba a taɓa wuce ni a hanyar nan ba, ranar ban bar giya ta biyu ba. 'Yan sandan shinge suka ga bambar tana walƙiya, suka cire hula, suka ɗaga mana hannu.

Jar motar tana nan ƙarƙashin mangwaro, Lombe na ta cigiyar bamba har Ndola. Bayan an rufe Kangwa, muna cin tuwon masara, na tambaye shi yadda ya ji tuƙin Fasto. Sai ya ce tun yana saurayi yake bin hanyar Mpongwe, bai taɓa sanin akwai itatuwa haka a gefenta ba.