Dokin da Garga Ya Taɓa

A shekarar da aka zaftare albashi sau biyu, ƙungiyar eshek, wato darar Turawa, ta unguwar Briqueterie ta ce mutum ɗaya za ta iya turawa gasar ƙasa a Douala. Wasan ƙarshe ya faɗa tsakanin Garga, malamin lissafi, da Mohaman Bello, ɗan kawunsa, wanda aka sallama daga aiki. Taubasai ne, amma tun da aka yi sanarwar tsokanarsu ta daina ba kowa dariya.

An ajiye allon a wani aji, hayaƙin masu tsire yana shigowa ta taga. Mohaman Bello ne da fararen 'ya'ya. Da ya zauna ya tambayi Garga ko yau ma zai ɓuya a bayan kariyar Faransa, buɗin wasan da bai taɓa sakewa ba. Garga ya ce bawa ba ya zaɓar wa ubangijinsa hanya. Babu wanda ya yi murmushi.

Kariyar Faransan kuwa Garga ya buga. Ya fito da dokinsa. Mohaman Bello ya kai fu ɗinsa, mai tafiya a karkace, dab da dokin, ta yadda in dokin ya gusa sarauniyar Garga ta tafi. Garin ajiyewa, gefen hannunsa ya ture dokin zuwa bakin gidansa a kan allon.

Garga ya sa yatsa ya gyara shi. Haka suke yi a zauren goggonsu tun suna samari, ba a cewa komai.

Mohaman Bello ya tsayar da agogo, ya kira alƙali.

"Ya taɓa doki. Bai ce j'adoube ba."

Dokar gasa a fili take: wanda ya taɓa ɗa ba tare da ya sanar gyara zai yi ba, dole ya buga shi. Garga ya ce ture masa aka yi. Alƙalin ya ce bai gani ba, 'yan kallo suka sunkuyar da kai.

"Bello, ni za ka yi wa haka?"

"Nan ba zauren Goggo ba ne, Malam. Buga."

Garga ya buga dokin, sarauniya ta tafi. Ya ja wasan har la'asar, don kawai ya wahalar da shi, sannan ya kwantar da sarkinsa, alamar ya sallama. Mohaman Bello ya miƙo hannu. Garga ya dube shi, ya ɗauki hularsa ya fita.

Ranar da jirgin ƙasa ya tashi da Mohaman Bello zuwa Douala, Garga yana aji yana koyarwa. Ya hana matarsa zuwa rakiya.