Saran Farko a Tungar Dogara

Masu haƙan kabari sun riga sun tuɓe riguna, sun jingina da diga da shebur suna jira, lokacin da motar asibiti ta shigo Tungar Dogara da gawar Baba Gamaliel. 'Yarsa Martina ta sauko daga gaban motar tana tsammanin za ta tarar da rami da tulin jar ƙasa. Sai ta tarar da fili a share, ko kartarsa ba a yi ba, ga kujerun roba biyu an girke su suna fuskantar juna a bayan gidan mahaifinta.

A kujera ɗaya Mai unguwa Monday ne na Rafin Ɓaure, a ɗayar kuma Madaki Godfrey na Tudun Gora. Kowanne da fartanya a kan cinya, kowanne da samarinsa tsaye a bayansa.

"Baba Malachi, me ya faru?" ta tambayi ƙanin mahaifinta. "Ba kun ce kafin mu iso an gama ba?"

Tsohon ya ja ta gefe, ya rage murya. "Saran farko ne, 'yata. Kowa ya ce shi zai yi."

Ta san maganar. A wannan yanki ba a haƙa kabari sai mai ƙasa ya zo ya kafta wa wurin fartanya sau ɗaya, sannan masu haƙa su ci gaba. Wanda ya yi saran, shi duniya ta shaida a matsayin mai ƙasar. Matsalar Tungar Dogara kuwa ita ce ba a taɓa sanin ko ta wa ce ba. Kakanta Dogara ya zo ya sari daji a tsakanin garuruwan biyu, lokacin da babu abin da ke wurin sai birai da ƙaya. Da yake mutum ne mai gudun rigima, duk kaka yakan kai damin dawa ɗaya Rafin Ɓaure, ya kai ɗaya Tudun Gora, kowa ya karɓa ya sa albarka. Haka tungar ta girma kamar jemage, ba tsuntsu ba, ba dabba ba. Zaɓe a gundumar Keffi ake yi, makarantar firamare kuma ƙaramar hukumar maƙwabta ce ke turo mata malamai. Masu karɓar haraji daga ɓangare biyu suke zuwa, motar gyaran hanya kuwa ba ta taɓa zuwa daga ko'ina ba.

Da mahaifiyarta ta rasu, sai da aka yi ta aike kafin wani dattijo ya ja ƙafa ya zo ya yi saran, don a lokacin ba wanda ke kallon wurin. Yanzu kuwa mutanen Abuja sun cika ko'ina da manyan motoci suna neman filoti, gonakin doya sun koma katangu, garuruwan biyu kuma suna kotu a kan tungar. Kowa ya san duk wanda ya yi saran yau, gobe lauyansa zai faɗa a gaban alƙali. Ga samari nan ma sun ɗaga wayoyi suna jiran ɗaukar hoto.

Martina ta fara zuwa gaban Mai unguwa Monday ta durƙusa. Malamar makaranta ce, ba ta saba durƙuso a ƙasa ba, amma yau ba ta kunya ba ce.

"Ranka ya daɗe, Baba abokinka ne. Ku taimaka mana."

"Ai taimakon ne ya kawo ni, Malama," in ji shi. "Tun safe nake nan. Wancan ya ajiye fartanyarsa, yanzu-yanzu in sara a wuce wurin."

Ta tashi ta koma gaban Madaki Godfrey. Shi ma ya yi mata gaisuwar rashi mai kyau, har da goge ido.

"Dawar kakanki ubana ya ci," ya ce. "In na bari wani ya sari ƙasar nan ina zaune, da wane ido zan kalli mutanena?"

Fasto ya shiga tsakani, ya kawo shawarar su riƙe fartanya ɗaya su sara tare. Kamar za a amince, har Martina ta fara sakin numfashi. Sai wani saurayi ya tambaya, to fartanyar wa? Aka ce a aro ta wani. Wani kuma ya ce hannun wa zai kasance a sama? Nan take hayaniya ta tashi, wani ya zaro gora, mata 'yan zumuntar coci da ke rera waƙa a ƙofar gida suka yi tsit.

Rana ta take sosai. Direban motar asibiti ya zo ya tsaya kusa da ita yana juya makulli a yatsa.

"Madam, gaskiya ba zan iya ƙara jira ba. Akwai wata gawa da zan ɗauka. Kuma kin san jiya babu wuta a mutuware, inda aka ajiye gawar. In kin matsa kusa da motar za ki gane abin da nake nufi."

"Mu mayar da shi mana, zuwa gobe."

"An riga an sallame shi. Ba sa karɓa."

Ta matsa kusa da motar. Ƙudaje sun fara taruwa a bakin ƙofar baya, kuma ta ji abin da direban yake nufi. Mahaifinta ne, mutumin da bai taɓa fita coci ba tare da ya goge takalmi ba. Hankalinta ya tashi ƙwarai, ta rasa inda za ta sa kanta.

Fasto ya ce ko a kai shi maƙabartar Sabon Gari. Ta girgiza kai. A gadon asibiti Baba ya riƙe hannunta ya ce kusa da matarsa yake so, kuma ta amsa masa. Ita kaɗai ce ta rage cikin 'ya'yansa, babu wanda zai cika alkawarin in ba ita ba.

Ta koma wurin Baba Malachi. "Baba, kai ɗan Dogara ne. Ɗauki fartanya ka sara. Yayanka ne fa."

Tsohon ya kasa kallonta. "In na sara, sun ce zuriyar Dogara ta naɗa kanta mai ƙasa. Ranar za su manta da rigimarsu, su haɗu a kanmu. Ina da yara a wurin nan, Martina. Gaba kura ce, baya siyaki."

Ba ta ga laifinsa ba, amma ta ji haushinsa har cikin ranta. Ta dubi mazan da suka cika wurin, masu hula da masu sanda, ba ta ga ko ɗaya da zai motsa ba.

Sai ta cire takalmanta, ta ɗaure gyale a ƙugu. Ta shiga gida ta fito da tsohuwar fartanyar da ake noman rogo da ita. Mata suka fara kiran sunanta, don mace ba ta taɓa ƙasar kabari, ko kusa da masu haƙa ba ta zuwa. Ba ta waiwaya ba. Ta wuce tsakanin kujerun biyu, ta tsaya daura da kabarin mahaifiyarta, ta ɗaga fartanyar ta kafta.

Ƙasar ta bushe, sai ɗan ɓarɓashi ya tashi. Ta ƙara, ta sake ƙarawa, tana jiran a riƙe ta ko a buge ta. Samarin ɓangarorin biyu suka yunƙuro, kowanne yana kallon ubangidansa.

Mai unguwa Monday ne ya ɗaga musu hannu. Ya dubi Madaki Godfrey, ya ɗan yi murmushi.

"Madaki, ka ga an yi sara?"

"Ni ban ga komai ba," in ji Madaki, yana jingine fartanyarsa a jikin kujera. "Saran mace ai ba sara ba ne. Mace ba ta da ƙasa, balle ta buɗe ta."

"Haka yake tun kakanni. Ruwa ma yakan zaizaye ƙasa. Ku masu haƙa, ga rami nan kun samu, ku ƙarasa shi," in ji Mai unguwa Monday.

Samari suka sauke wayoyi. Masu haƙa suka tofa yawu a tafin hannu suka kama aiki, mata suka ɗora waƙarsu daga inda suka tsaya. Baba Malachi ya zo yana ta sa mata albarka, wai ta fitar da su kunya.

Martina ta ajiye fartanyar. Tana tsaye ƙafa ba takalmi, tana kallon dattawan biyu da tun safe ba su yarda da juna a kan komai ba, yanzu sun jawo kujeru inuwa ɗaya suna shan ruwa. Ta ji abin da suka faɗa, cewa mace ba ta da ƙasa, kuma duk tungar ta ji. Ta juya ta kalli gidan mahaifinta, da gonar rogon da ke bayansa, inda ba wanda ya rage sai ita.

Direba ya taɓa ta. "Madam, mu sauke shi?"

"Ku sauke shi," ta ce. "Shi dai ya samu wuri."