Kumbo na Ƙarshe da Ƙofar Vinda

Matata Vinda ta rasu da hantsi, tana zaune a ƙofar baya tana ɓarar wake. Na ɗauka gyangyaɗi take yi. Sai da na gama ɗinke takalmin da ke hannuna sannan na taɓa kafaɗarta, kwanon ya zame daga cinyarta, kaji suka zo. Ban yi kuka a ranar ba, ban yi washegari a maƙabarta ba. Mutane suna ta kama hannuna, ni kuwa takalmansu nake kallo, ina lura da waɗanda dunduniyarsu ta cinye.

Da muka dawo gida muka tarar da Ondina ta fara aikinta. Ita ce mai jan addu'ar mamata a unguwarmu ta Río San Juan, kuma ita ta riƙe 'yarmu Yuberkis ranar baftisma, don haka komadre nake ce mata, tana ce mini kompadre. Ta rufe ƙofar gaba ta danna sakata, ta lulluɓe madubi, tana neman inda za ta kafa bagadi. Teburinmu yana ɗingishi. Durowa kuma cike take da kayana: kwalbar da ɗan tsako mai kai biyu yake ciki, dutsen da aka ciro daga cikin akuya, makullan da teku ke fito mini da su. Sai idonta ya faɗa kan talabijin.

Akwatin katako ne mai ƙafafu huɗu, tun na farko da muka saya. Injin cikinsa ya mutu da daɗewa, amma da Yuberkis ta aiko da sabo daga Santiago, Vinda ta sa na cusa shi cikin tsohon gidan. Ondina ta shimfiɗa farin zanen gado a kansa har ƙasa, ta ɗora gicciye, da hoton Vinda, da kyandir, da tambulan ɗin ruwa. A al'adarmu mamaci ba ya barin gidansa sai rana ta tara da rasuwarsa. Yana nan yana zagayawa, yana shan ruwan, sai a rana ta tara mai gida ya buɗe ƙofar gaba, a sauke bagadi, a zubar da ruwan a titi, shi ke nan ya tafi.

Na ga ta rufe fuskar talabijin ɗin. Maganar kumbon ba ta zo mini ba sai da aka kwana.

Ni a aji uku na bar makaranta, amma tun ina yaro abin da ba a saba gani ba shi yake tsayar da ni a hanya. Shekarar da muka sayi akwatin nan, tamanin da ɗaya, ita ce shekarar da Amurkawa suka harba kumbon nan mai fukafukai. Waɗanda suka riga shi, da an tafi da su sau ɗaya shi ke nan, mutanen su faɗo teku cikin wani abu kamar tukunya. Wannan kuwa ya tashi a tsaye, ya dawo ya sauka a kan tayoyi kamar jirgin fasinja. Ni tashin ne ya tafi da hankalina, wutar nan da hayaƙin. Vinda tana guga a baya, ba ta ko ɗago kai ba, sai da mai labarai ya ce za a gyara shi a sake tafiya da shi.

“Wannan ɗin dai? Za su wanke shi su sake shiga?”

“Haka ya ce.”

Ta ajiye dutsen guga ta jawo kujera. Vinda mace ce da ke wanke leda ta shanya, ta juya wuyan riga idan ya cinye, ta yi tsumma da abin da ya rage. “Ashe a cikin mutanen nan akwai wanda uwarsa ta yi masa tarbiyya,” in ji ta.

Daga nan duk wanda aka nuna sai mun kalla. In an ɗauke wuta in aro batirin mota. Ranar da ɗaya ya tarwatse a sama jim kaɗan da tashinsa, muna zaune tare, hayaƙin ya rabu biyu kamar ƙahon bijimi. Tun daga ranar Vinda ba ta ƙara kallon tashi ba. Da zarar an fara ƙirga ta baya-baya sai ta miƙe ta nufi ƙofar gaba. Sakatar tana sama kuma tana da tauri, hannunta ba ya iya zare ta, don haka ni nake tashi in buɗe mata, in koma kujerata. Ta tsaya a waje ta ba ɗakin baya, tana kallon wajen teku, har sai na ɗaga murya na ce, “Sun wuce.” Sannan ta shigo.

Amma sauka ba ta taɓa wuce ta ba. Ko bayan da wani ya wargaje a hanyar dawowa, ba ta fasa ba. Ta ce wanda ya kamo hanyar gida ba a juya masa baya. Sai tayoyi sun tsaya cak take cewa, “To, a kai shi wanka.”

A farkon shekarar nan aka ce an gama, saura tafiya uku a kai su gidan ajiye kayan tarihi. Vinda ta ji haushi. “Abu yana aiki a ajiye shi? Ni dai sai na ga na ƙarshen ya sauka, in ga ko da gaske ya tsufa.”

Tashin na ƙarshen ya faɗo daidai rana ta tara da rasuwarta. Saukar kuwa sai bayan kamar mako biyu.

Ana gobe tara na sami Ondina a bayan gida, ita da Yuberkis suna fere rogo da ayaba na romon baƙi. Na tsuguna kusa da ita.

“Komadre, bagadin nan. In aka bar shi fa?”

“A bar shi ina?”

“Inda yake. Mako biyu kawai. Sai a ɗage gaban zanen kaɗan, ba za a taɓa ruwan ba.”

Ta dube ni da wuƙa a hannu. “Na san jirgin nan ne. Tun da na ga kana zagaya akwatin kamar kyanwa ta ji ƙamshin kifi na ce yau ko gobe.”

“Baba, ai zan iya nuna maka a waya,” in ji Yuberkis. “Ko ka tsaya ta taga, Chelo zai kunna na kantinsa.”

“Ba ni ba ne. Mahaifiyarki ce ta ce sai ta ga ya sauka.”

Yuberkis ta sunkuyar da kai kan rogonta. Ondina ta goge hannu a zane.

“Kompadre Nicanor, kai da ka ajiye ɗan tsako a kwalba shekara da shekaru, yanzu matarka kake so ka sa a kwalba?”

“Mako biyu na ce.”

“Bayan mako biyu kuma ka ce a jira bikin Kirsimeti, don tana son gasasshen alade. Na taɓa ganin gidan da aka ƙi sauke bagadi. Wanda ya zauna ba wanda ka sani ba ne. Ba ya ci, ba ya barci, ba ya magana, yana nan dai.” Ta sake ɗaukar wuƙar. “Kamar kai ɗin nan a kwanakin nan.”

“Ƙofar dai ni zan buɗe ta, ko?”

“Kai za ka buɗe. Ni ba na buɗe ƙofar gidan wani. In ka ƙi, sai mu zauna da kai, romo ya huce, mutane su ce mai gyaran takalmi ya ƙarasa zarewa. Dama rabi ya rage.”

Ran tara gida ya cika tun da safe, kowa ta ƙofar baya yake shigowa. Aka jera kujerun roba har tsakar gida. Ondina da farin ɗankwali tana gaban bagadi tana ja, mata suna amsawa, carbi yana zagayawa. Aka kawo mini kofi na riƙe har ya yi sanyi. Na ɗauki kujerata na ajiye jikin ƙofar gaba, na jingina bayana da ita. Kowa ya ga inda na zauna.

Wajen tsakar rana addu'ar ta zo ƙarshe. Ondina ta kashe kyandir ɗaya, ta juyo ta dube ni. Ban motsa ba. Ina kallon tambulan ɗin, ruwan ya ragu da kamar faɗin yatsa. Wata tsohuwa ta yi tari. Yuberkis ta ce, “Baba,” a hankali.

Kantin Chelo yana tsallaken titi, kuma Chelo bai san a rage murya ba. Ta cikin katakon ƙofar nake jin talabijin ɗinsa, mai labarai yana magana da sauri, masu wasan domino sun daina buga tebur. Sai na ji wani daga cikinsu ya ce, “Sun tsayar da ƙirga. Wani abu ya maƙale.” Titin ya yi tsit, ɗakin ma haka. Na zauna tsakanin shirun biyu ina tunanin ko hadari ne ya taso musu, ko za a ɗaga zuwa gobe. Na tuna akwai takalmin wani a bencina da ban sa wa dunduniya ba.

Can sai aka ci gaba da ƙirga. Na ji mutanen kantin suna bin mai labarai, baya-baya, kamar yara a aji.

Ban yi shawara da kaina ba. Na dai ga na miƙe, na ture kujerar da ƙafa, hannuna ya kai sama ya zare sakata. Na ja ƙofar na matsa gefe, yadda nake matsawa kullum don kada kafaɗarta ta goge ni. Rana ta shigo har gindin bagadi. Daga tsallake rugugin ya taso, lasifikar Chelo tana karkarwa.

Ondina ba ta ɓata lokaci ba. Ta ɗauki tambulan da hannu biyu ta wuce ta gabana, ta zuba ruwan a titi. Ƙasa ta shanye. Mata suka fara kuka a bayana, wasu suna naɗe farin zanen. Ni ina tsaye riƙe da ƙofa, ina jira, har na ji an yi tafi a kantin.

“Sun wuce,” na ce.

Ba wanda ya shigo. Na ƙara tsayawa kaɗan. Ondina ta dawo ta sa mini tambulan ɗin a hannu.

“Wannan jefar da shi ake yi, kompadre. Je ka ci abinci.”

Yuberkis ta koma Santiago bayan 'yan kwanaki. Ranar saukar da asuba ne, akwai wuta, na kunna. Duhu ne a wurinsu, ba a ganin komai sai fitilu, sai ga shi ya fito fari, hancinsa a sama, ya taɓa ƙasa, laimar bayansa ta buɗe. Ya gangara ya gangara ya tsaya. Na duba shi sosai, ban ga inda ya tsufa ba. Mai labarai ya daɗe yana magana, mutane suna zagaya tayoyin.

Na kashe, na shiga madafa. Tambulan ɗin yana kan taga inda na ajiye shi tun ranar. Na wanke shi da sabulu, na ɗauraye, na kife shi cikin sauran. Sannan na fita bencina na ɗauko takalmin nan marar dunduniya.