Sunan da Mai Gari Ya Sha

Shekarar da fari ya cinye har irin shuka, gwamnati ta ce za ta raba irin gero a Magariya, amma sai wanda sunansa ya shiga babban littafi. Maina, manomi a wani ƙauye na Kwaya, ya ba da nasa wurin Wakili Sabo, marubucin mai gari. A gabansa aka rubuta.

Ya taka har biro, ofishin gwamnati a Magariya. Komi, wato akawun wurin, ya bi layi da yatsa, ya ce, "Babu kai." Maina ya koma ya sake bayarwa, ya sake takawa. Babu shi.

"Wakili, aljanu ke cin sunana a hanya?"

"Haba Maina, ka ga na rubuta. Tambayi mutanen biro, 'yan boko ne."

Maina bai tambayi kowa ba. Ya sake ba da suna, ya sami gindin itacen bedi ya zauna, ya zuba ido. Takarda ta yi wuya a shekarar, don haka a allo Wakili ke rubutu da tawada, da ajami, sai ranar tafiya ya kwafe. Ya jingine allon a zaure ya tafi hira.

Can sai ga Yalwa, matar mai gari, da ƙwarya. Mijinta na kwance da ciwon ƙirji. Ba ta karatu. Duk baƙin da ta gani a allo, a wurinta aya ce. Ta wanke shi tas, ta kai wa maras lafiya.

"Inna, me kika yi?"

"Rubutun Malam Sabo ne, ɗan nan. Kullum yana bar mana, Allah ya biya shi."

Maina ya tare Wakili. "In ka iske allon fari, me kake kwafewa?"

Wakili ya sosa ƙeya. "Ai na san mutanena da ka."

Da ka ɗin kuwa, surukansa ya tuna, da masu shanu. Tsohuwa jahilci ya ja ta. Shi kuwa Wakili ya sani sarai, ya yi shiru, don faɗin gaskiya zai sa shi bin gida gida da rana. Lalaci ya fi sata kisa, don ba a kama shi.

Ranar da Maina ya kai sunansa Magariya da kansa, an rufe littafi. Da ruwa ya sauka, sai Maina ya shiga aikin ƙodago a gonar surukin Wakili, yana binne irin gwamnati da diddigensa. Tasa gonar ta yi ciyawa.