Hannu a Aljihu

Shekara talatin da huɗu Wilfred Tozer ya yi yana koyar da kimiyya a sakandare, kuma a wurinsa duk ilimin da bai hau allo ba hira ce. Sai ga shi da tsufansa, kowace Alhamis, yana kai jikarsa Tamsin wani daji bayan garin Totnes a Ingila, inda iyayen da ke karantar da 'ya'yansu a gida suke taruwa ƙarƙashin tamfol, suna kallon yara na birgima a laka. 'Yarsa Bridget karatu take kiran wannan. Shi bai raɗa masa suna ba. Amma tun rasuwar matarsa, Alhamis ce kaɗai ranar da wani ke jiran ƙarar motarsa.

Ita ma saura ƙiris ta suɓuce masa. Makon jiya ya karɓe wuƙa daga hannun Tamsin, ya ƙarasa mata fiƙe sanda. Kwana biyu yarinyar ta yi ba ta fito daga ɗaki ba.

"Baba, irin wannan taimakon ne ya sa ta ƙi makaranta," in ji Bridget da safe a bakin ƙofa. "Ka sake sa mata hannu a aiki, ni zan riƙa kai ta."

Morwenna, wadda ke jagorantar yaran a dajin, doka ɗaya gare ta ga manya: hannu a aljihu. Doguwar mace ce, hularta ta ga jiya ta ga yau, kuma Wilfred bai taɓa jin ta ba yaro amsa ba.

"Wilfred, ina hannuwan?"

"Suna kurkuku."

"To, su ƙarasa wa'adinsu."

Darasin ranar kunna wuta ne da ƙyastu: ɗan sandan ƙarfe da makankari, sai dunƙulen auduga. Mako huɗu Tamsin na fama. Sauran yaran tuni sun kunna tasu sun tafi neman kwaɗi. Ita tana durƙushe gwiwa ɗaya a ƙasa, yadda ake koya musu a gaban wuta, yayyafi na sauka a wuyanta.

Abin da Morwenna ba ta sani ba, dokarta ta kai hannun Wilfred daidai kan kwalin ashana.

Kuma ya ga matsalar tun ƙyastawar farko. Tsabar fargaba, yarinyar na matse audugar a tafinta har ta zama kamar tsakuwa. Ba iska a ciki, ina wuta za ta kama? Bayanin da ya yi wa ɗalibai sau dubu ne. Kalma biyar sun isa. Ya haɗiye su.

"Kaka, daina huci a kaina. Kamar tsohon doki."

"Numfashi nake yi, ranki ya daɗe. Shi ma an hana?"

"Ka yi shi can."

Ya ja baya taku ɗaya. Ta ƙyasta, tartsatsi ya zuba ya mutu. Ta sake. Sau talatin da bakwai, don yana ƙirgawa. Leɓenta na ƙasa ya fara rawa, irin rawar da na marigayiya kakarta kan yi kafin ta fasa faranti. Ya zaro ashana ɗaya a cikin aljihun, ya riƙe.

Morwenna ta zo ta tsuguna gefen yarinyar. Wilfred ya ce a ransa, yawwa, yanzu dai za ta yi aikinta.

"Haushi, ko?" ta ce.

"Na tsani audugar nan!"

"Ai na gani. Me kike so ki yi mata?"

"In yaga ta!"

"Taki ce."

Wilfred ya rufe ido. Wannan ce koyarwar? Tamsin ta damƙi audugar ta yayyaga, tana zaginta da kalmar da tabbas a motarsa ta koya. Ta jefar da ita a kan wani ɓawon itace, audugar ta tashi buzu-buzu kamar gashin ɗan tsako. Don huce haushi kawai ta ƙara ƙyastawa.

Wuta ta kama.

Yarinyar ba ta yi ihu ba. Ta ƙura mata ido har ta cinye. Sannan ta ɗauki sabon dunƙule, ta duba shi, ta buɗe shi a hankali da yatsu, ta ƙyasta. Ta sake kamawa.

"Kaka! Iska take so. In ka matse ta, ba ta numfashi."

"Haka ne?"

"Ba ka sani ba? Wai kai malamin kimiyya!"

"An yi asarar alli," ya ce.

Da aka zauna shan shayi a kan gungumen itace, ya matsa kusa da Morwenna.

"Kin san za ta yaga."

"Ban sani ba. Wani yaron sai ya yi wata uku."

"Kuma ki jira?"

"Ina dajin zai je?"

A shekara talatin da huɗu, bai tuna ya taɓa jiran yaro fiye da daƙiƙa goma ba.

A mota ya zaro hannu, ashanar ta karye gida uku. Tamsin na baya, tana warin hayaƙi, tana zuba laka a kujera.

"Alhamis mai zuwa zan koya maka. Amma in ka kasa, ba zan taimake ka ba."

"Na ji, malama."

Ya tayar da mota.