Mai Jan Ciki da Waken Ladidi

Ni dai ban taɓa ganin mutumin da ya sayi mota da ƙafafunta lafiya lau, ya kai ta gareji a gurgunta masa ita ba, sai ƙanena Mus'ab. Shi ne autanmu. Yana rarrafe Innarmu ta rasu, ni na goya shi, kuma da kaskon awarar da nake soyawa a ƙofar gida na yi masa makaranta har ya kai ga buɗe shagon waya a Funtua. Ni kuwa ina nan ƙauyenmu a kan hanyar Maska. Tun da maigidana ya rasu, abin da nake taƙama da shi bai wuce 'yar gonar da na gada ba. Waken suya nake shukawa a cikinta kaf. Shi ne awarata ta shekara, a cikinsa kuma nake ware irin baɗi. In babu shi sai dai in zauna ina jiran abin hannun wani, kuma babu abin da na tsana a duniya kamar wannan.

Wata rana da damina na shiga Funtua sayen man suya, sai Mus'ab ya tsare ni wai lallai sai na je na ga abin da yake haɗawa. Ya kai ni garejin abokinsa Aƙilu, makanike ne kuma mai walda. Na tarar da wata tsohuwar mota doguwa, irin ta alhazan da, an cire mata tayoyi an ɗora ta a kan kututture. Injinta yana rataye da sarƙa a gefe kamar ragon layya. Ƙasa kuwa duk zanen alli ne, har ba ka san inda za ka taka ba.

"Yaya Ladidi, ga amaryar," in ji Mus'ab.

"Amaryar ce aka zazzage wa hanji haka?"

Ya yi dariya, ya ce sauke ta za su yi. Za a rage ƙarafan da ke ɗaga ta daga kan tayoyi, har cikinta ya kusa taɓa ƙasa, tsakaninta da kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba. A waya ya gani, wai haka samarin wasu ƙasashe ke yi. Na tambaye shi ko su ma can suna da ramukan hanyar Maska. Sai kawai ya share mini benci na zauna.

Ina zaune suka ci gaba da gardamar da na katse musu. Aƙilu ya ce in mota ta sauka inji ma ya sauka, kuma kaskon da baƙin mai ke taruwa a ƙarƙashinsa shi zai fara haɗuwa da dutse. Dole a ɗaga masa mazauni. Mus'ab ya ce in an ɗaga shi bonet ba zai rufu ba, shi kuma ba zai yarda a yi wa motarsa ƙusumbi ba. Suka gwada da igiya, suka goge alli, suka sake zanawa. A ƙarshe suka tsaya a kan a ɗan ɗaga injin, a kuma tura shi baya, a ci wani abu daga bangon da ke gaban ƙafafun direba. Ban fahimci rabin maganar ba, amma na ga yaron da na goya yana magana ana saurarensa, kuma abin ya yi mini daɗi.

Sai aka zo kan salansa, bututun da ke fitar da hayaƙin mota. Aƙilu ya ja layi biyu da alli. Ɗaya gajere, ya fita ta gefen dama dab da tayar baya. Ɗayan dogo, ya bi ta tsakiyar cikin motar har ya fita ta baya. Hagu ba ta yiwuwa, don ta nan bututun fetur ya bi.

"Duk biyun za su yi," in ji Aƙilu. "Ta gefe ta fi sauƙi. In ta ƙasa ce, sai na ɗan daɓe bututun ya yi faɗi, kuma ita za ta fi komai kusa da ƙasa. Zaɓi naka ne."

Mus'ab ya sa ƙafa ya murje gajeren layin.

"Nan Yaya za ta zauna," ya ce. "Tun ina ƙarami take shaƙar hayaƙin murhu, ga tarin nan da ya ƙi barinta. Sannan in kawo wani hayaƙin in ajiye mata a ƙarƙashin taga? Bi da ita ta ƙasa."

Na ce masa ya daina surutu, amma sai da na juya na gyara mayafi don kada su ga idona. Duk hanyar komawa gida ina murmushi ni kaɗai a cikin bas.

Babu abin da yaran nan ba su hango ba. Tudun da ake yi a titi don rage gudu, sun ce a karkace za a riƙa hawansa. Rami, a kauce masa. Ruwan damina, ba za ta fita ba sai ƙasa ta sha iska. Dukansu biyu 'ya'yan manoma ne, a cikin kunya suka koyi tafiya, amma babu wanda ya tuna da kaka. Ni kuwa me na sani game da salansa ban da ƙara?

Tun da aka zuba mana kwalta, babu mai ɓata ƙarfinsa yana bugun waken suya da sanda. In ya bushe sai ka kwaso shi da karansa ka baza a kan titi, motoci su bi ta kai su fasa maka kwanson, kai kuma ka bi da tsintsiya. Direbobin hanyar duk sun san da haka. Mai kirki ma har rage gudu yake yi, ya daidaita tayarsa a inda ya fi kauri. Wurin da ya fi kyau shi ne miƙaƙƙen da ke gaban masallaci, kuma kowane gida da ranarsa. Da tawa ranar ta zo, na sa aka kwaso mini duk abin da gonar ta bayar aka baza. Shekarar ta yi kyau, wake ya yi 'ya'ya har ana tsayawa ana yi mini barka.

Bayan azahar muka ji wata ƙara daga wajen Funtua, kamar ana yaga sabon yadi. Sai ga ta, koriya shar, tana jan ciki a kan kwalta, samari a kan babura suna biye. Ashe ranar aka gama ta, kuma Mus'ab ya yi alkawarin ba za ta je ko'ina ba sai ta fara gaishe ni. Ya hango ni da tsintsiya, ya leƙo ta taga.

"Yaya, naki ne? To matsa, yau ni zan yi miki bugun."

Ya hau kan waken a hankali, ya je ƙarshe, ya dawo da baya, ya sake hawa. Mutane suna tafi. Sauran motoci ta saman wake suke wucewa, taya kawai ke taɓa shi. Wannan kuwa sharo shi take yi, tana cusa kara a ƙarƙashinta, ga salansar da ta sha tafiya tun daga Funtua. Ya tsayar da ita a tsakiyar shanyar, ya bar injin a kunne don jama'a su ji muryarta, ya fito ya durƙusa yana gaishe ni.

Hancina ne ya fara sani. Wadda ta tsufa a gaban tukunyar awara ba a koya mata ƙaurin wake. Kafin in buɗe baki hayaƙi ya turnuƙo ta ƙarƙashin motar, wuta ta leƙo ta bayan taya.

Wani ya ce tankin mai, maza suka yi kanta. Ban ga laifinsu a nan ba, dole a janye ta. Amma da suka tura ta, sai ta ja karan da ke ci ta bi da shi tsawon shanyar, tana barin wuta a duk inda ta wuce. Suka fitar da ita kan fili. Akwai mai ruwa da ya tsaya kallo da kurarsa cike da jarkoki, aka wawushe su kaf, kuma duk a kan motar aka juye. Masu ɗebo ƙasa da hannu su ma can suka nufa. Kan waken kuwa daga ni sai Inna Sakinatu, tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni, muna dukan wuta da mayafi. Waken suya mai ne da shi. Yana ci yana fashewa, ina jin ƙararsa ɗaya bayan ɗaya.

Da wuta ta mutu, motar ta tsira, fenti ne kawai ya kumbura a gefe guda. Mutane suka kewaye ta suna hamdala. Gonata kuwa tana kwance baƙa ƙirin a kan kwalta, abin da na tsince bai cika ƙwarya ba.

Mus'ab ya ratso mutane ya zo, idonsa jawur, gaban rigarsa duk toka. Ya riƙe hannuna da ya ƙone. Na san har zuciyarsa yake kuka, wannan ne ma ya hana ni samun wanda zan zaga.

"Yaya, ki yafe mini. Wallahi ba za ki nemi komai ki rasa ba. Wake ni zan riƙa kawo miki. Daga yau ni zan riƙe ki."

Malam Haladu, limaminmu, ya dafa kansa ya sa masa albarka. Mata suka riƙa cewa na yi dacen ƙane. Washegari aka yi ta shigowa gidana jaje, kuma kusan kowa in ya gama gaisuwa sai ya tambaya, "Ya jikin motar?" Ina amsawa da sauƙi, don haka ake amsawa.

An gyara ta. An sake fenti, an kuma mayar da salansar ta gefen dama, daidai ƙarƙashin tagar da aka ce tawa ce. Babu wanda ya sake tuna tarina, ni ma ban tuna wa kowa ba.

Mus'ab bai saɓa alkawari ba. Yana kawo waken, mai kyau kuwa, na kasuwa. Ina soya awara kamar da, masu saye ba su ga bambanci ba. Ni ce dai na san abin da ke cikin kaskon ba nawa ba ne. In buhun ya yi ƙasa, ba na iya kiransa in ce ya ƙare, bakina ba ya ɗaukar wannan maganar. Sai dai in fito da kujerata ƙofar gida tun da hantsi, in juya ta tana kallon hanyar Funtua. Babu ƙarar da na tsana kamar ta salansar nan, kuma ita nake zama ina kasa kunne in ji.