Naktayen Tsvetan

…kuma wai ya sa naktaye na roba. Naktayen da aka ƙulla tun a kanti, a maƙala masa a wuya kamar mai raba abinci a otal. Shi, Tsvetan Dobrev, da duk birnin Plovdiv ya san yatsunsa a kan fiyano.

Nevena mai ɗaukar hoto tana bayan ƙofa, tana jiran ta ɗauki hoton bangon sabon faifansa. "Malam, hasken taga zai wuce fa."

Ya wuce ɗin.

Yana gaban madubi. Dogon ɓangare bisa gajere, a zagayo, a cusa ta ƙasa — ya zame. Wannan hannun dama… tsaya mana, ɗan banza.

A je a duba bangon faifansa na farko. Ƙulli siriri, ya ɗan karkata hagu, yadda mahaifinsa ke yi in za shi coci. Duk faifan da ya biyo baya haka yake. Ba irin na yaran yanzu ba, ƙulli ƙato kamar curin burodi, su yi tagumi suna kallon sama — me suka ajiye a saman? Ko wancan makaɗin na birnin Sofia da ya fito wuya a buɗe kamar mai tallan kankana. Sannan a ce masa ba wanda zai lura?

Da matarsa Radka tana raye, da ta lura. "Kawo in gyara maka, sarkin taurin kai." Ya doke hannunta, ranar aurensu ma sai da ya doke. Har ta shiga kabari bai bar matarsa ta taɓa ƙullin nan ba. To ga shi nan, ya ƙulla abinsa mana.

Ya sake zamewa.

Sabon faifan ma, wa ya kaɗa shi? Gutsure-gutsure aka harhaɗa. Mai haɗa sauti yana ta "a sake, Malam, kaɗan ya rage," idonsa a kan takalminsa. Munafuki. Da ya faɗa masa gaskiya… da ya saurara?

Ranar Asabar kuwa wasa ne a gaban jama'a, ba na'urar haɗa sauti. Zaure cike, shi kaɗai da fiyano.

"Malam, in shigo?" Nevena ce daga bayan ƙofa.

Ya ɗaga hannun, ya zuba masa ido. Tsaya. Yatsun na ta kyarma abinsu, ba su ma san da su ake ba.

Asabar…

Ya zauna a bakin kujera, naktayen na reto a ƙirjinsa. Shigo — ya furta ne, ko a ransa kawai ya faɗa?